Ina neman Hausar "cruise", balle irin doguwar nan da ake tafiya da yara

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, na juya ta ni kaɗai har na gaji. Hutun da ya wuce na tafi da tagwayena 'yan shekara bakwai a irin ƙaton jirgin ruwan nan mai kama da gari guda, muka yi kwana 14. Tun da muka dawo iyaye mata ke tambayata yadda abin yake da yara, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. A layin farko na cije. Turawa suna cewa cruise. Mu fa? Na rubuta "tafiya a jirgin ruwa", wata ta ce min, "Zuwa ina?" To matsalar ke nan, ba inda muka je. Tashar da muka hau, nan muka sauka. A kwana na uku macen ta ja min hannu ta ce, "Umma, yaushe za mu isa?" Na ce ai mun isa tun ranar da muka hau. Ta yi min wani irin kallo. Kalmar da za ta amsa tambayar yarinyar nan nake so.

Ɗan Zamani:
Anti, mene ne abin wahala? A ce kurus a wuce wurin. Mun ari mota, mun ari kwamfuta, ba wanda ya mutu.

Malam Mai Nahawu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Zamani, aro ba abin kunya ba ne, amma wannan kalma ta riga ta shigo ta bayan gida. A bakinku samari, idan mutum ya ce cruise yake yi, zolaya yake nufi. Ka rubuta "na kai yara kurus", rabin masu karatu su ɗauka wasa kake. Dattijo kuma kuros zai ji, wato gicciye. Kuma bai ɓata da nisa ba, don asalin kalmar daga harshen Holan ne, kruisen, wato gittawa, ita kuma daga kruis, gicciye. Mutanen Ingila sun are ta a ƙarni na 17, suna kiran kai-komon jiragen da ke sintiri a teku da ita. Faransawa na cewa croisière, Jamusawa Kreuzfahrt, dukansu da gicciye a ciki. Larabawa ba su wahalar da kansu ba, suka ce rihla bahriyya, tafiyar teku. Abin da nake so a riƙe shi ne, tun asali kalmar kai-komo take nufi, ba zuwa wani wuri ba.

Gwaggon Yara:
Ni dai balaguron teku ya fi min daɗin faɗi. Ko rangadin teku.

Malam Mai Nahawu:
Hajiya, daɗin faɗi kam akwai. Amma idan aka ce wane ya yi balaguro, tambayar da ke biyo baya ita ce "ina ya tafi?", kin ga mun koma gidan jiya. Rangadi kuma na mai iko ne da ke zaga ƙasarsa yana duba talakawa. Tagwayen Uwar Biyu ba su je duba kowa ba.

Ɗan Zamani:
To yawon buɗe ido a teku. Wanda ke zaga duniya gaba ɗaya kuma a ce yawon duniya.

Gwaggon Yara:
A'uzu billahi! Kai yaro, ka san abin da ake nufi idan aka ce wance ta tafi yawon duniya kuwa? Kuma har da 'ya'yanta? Goge wannan.

Ɗan Teku:
Bari in sa baki, don na ci abinci a wannan sana'a shekaru, ina aikin ɗakunan fasinja. A wurinmu akwai abu biyu da ba a haɗawa. Akwai ƙetarawa, akwai wannan da kuke nema wa suna. Jirgin Queen Mary 2 idan ya tashi daga Southampton zuwa New York, kwana bakwai yake yi bai tsaya ko'ina ba. Wannan fito ne, sai dai babban fito: ka hau a wannan gaɓa, ka sauka a waccan. A da duk manyan jiragen fasinja aikinsu ke nan. Sai dai da hunturu tekun Atlantika ba ta da daɗi, fasinja su ja baya, jirage su zauna ba aiki. Shi ne a 1891 Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika ya tura jirginsa Augusta Victoria ya zaga Bahar Rum da masu kuɗi, don nishaɗi kawai. Abin ya karɓu, har a 1900 ya sa aka ƙera Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka yi musamman saboda wannan. Da jiragen sama masu injin jet suka ƙwace fasinjan Atlantika daga ƙarshen shekarun 1950, kamfanonin da suka tsira yawancinsu nan suka koma. Yau ga jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miami: tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikata 2,350. Ba wanda ke hawansa don ya kai shi wani wuri. Jirgin shi ne masauki, shi ne filin wasa, shi ne abin da aka biya kuɗi a gani. Don haka yawon buɗe ido ya kama rabin gaskiya ne kawai, rabin da ake sauka a tasha a kewaya gari a dawo kafin magariba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri Yaya, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ɗaya rabin shi ne wanda mai yara ya fi sani. A cikin kwana 14 ɗinmu akwai ranakun da ba a sauka ko'ina, ruwa gabas, ruwa yamma. A gajeriyar tafiya, irin wannan rana guda ɗaya ce, yara ba su gama gano inda lif yake ba an dawo. A doguwa kuwa sai a jera biyu ko uku, kuma a nan ake sanin wanda ya shirya. Ɗakinmu na ciki ne, ba taga, don ya fi sauƙin kuɗi. Idan aka kashe fitila, ƙarfe tara na safe da biyun dare duk ɗaya ne. Namijin ya tashe ni wani dare ya sa takalmi, wai a tafi karin kumallo, na duba agogo ƙarfe uku. Zuwa kwana na biyar sun haddace jirgin fiye da ni, su ke nuna min hanya. Zuwa na tara sun gaji da wurin wasan yaran da suka yi ta kuka a kai su a ranar farko, don wasannin sun fara maimaituwa. Abin da ya cece ni littafin zane ne da muka mayar littafin tarihin tafiya, kowace rana su zana abu ɗaya da suka gani. A ranakun ruwa zalla macen takan ja shuɗin layi guda ta rufe littafin. Wannan zama ne, ba yawo ba. Ido kuma ba abin da ya buɗe a kai sai ruwa.

Ɗan Teku:
Haka yake, kuma dokokin ma tsawon zaman cikin ruwa suke bi. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jariri sai ya cika wata shida. Idan ƙetare babbar teku za a yi, sai ya cika shekara guda. Kamfanin Royal Caribbean ma yakan nemi shekara guda a duk tafiyar da za a jera kwana uku ko fiye ba a tsaya a tasha ba. Dalilin a fili yake: akwai likita da ɗan asibiti a jirgi, amma ba na ƙananan yara ba ne, kuma idan aka yi nisa da gaɓa jirgi mai saukar ungulu ba ya iya isowa. Mai ciki ma idan ta shiga mako na 24 ba a ɗaukarta. Yaron da bai daina sa famfas ba ba ya shiga babban wurin ninƙaya, wurin renon da ake barin yara kyauta kuma galibi daga shekara uku yake farawa. Wasu kamfanonin, irin Viking da Virgin Voyages, ba sa karɓar wanda bai kai 18 ba sam. Disney kuwa da ta shigo harkar a 1998 saboda iyali ta shigo. Mai yara ya duba wannan kafin ya duba hoton jirgi.

Uwar Biyu:
Ka tuna min da abin hannun nan. Ranar farko aka ɗaura wa kowannensu wata robar hannu mai lamba, aka ce kada a cire har a sauka. Namijin ya kwana biyu yana ƙoƙarin cizge ta da haƙori.

Ɗan Teku:
Lambar matattararku ce, inda za a taru idan an busa ƙararrawar haɗari. Idan abu ya faru yaro yana wurin wasa, ma'aikata da wannan lamba za su kai shi inda uwarsa take, ba sai ta bi hawa-hawa tana nema ba. A da ana iya jinkirta atisayen koya wa fasinja taruwa a matattarar har zuwa awa 24 bayan an hau. Bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka mayar da shi kafin tashi ko da zarar an tashi.

Gwaggon Yara:
To tunda zama ne, ku ce hutun teku mana. Gajere, yaro ma zai riƙe.

Uwar Biyu:
Gwaggo, hutu? Wa ya huta?

Malam Mai Nahawu:
Na so hutun teku, na kusa sa hannu. Abu biyu suka hana ni. Na ɗaya, ya yi kusa da hutun bakin teku, wanda mutum ke kwana a otal a kan tudu. Na biyu, ana yin irin wannan a kogi: a Nilu tsakanin Luxor da Aswan, a Danube, a Rhine. Kalmar da ta ɗaure kanta da teku za ta bar waɗannan a waje.

Kaka Mai Carbi:
Ina ta karanta ku, jikata ce ke rubuta min. Ku 'yan boko kuna neman abin da ke hannunku. Shirwa idan ta tashi tana kewaya sama, ba ta nufi ko'ina ba, ba ta kuma ɓata ba, me take yi? Shawagi.

Malam Mai Nahawu:
Allah ya ƙara girma, Kaka! Shi ke nan. Shawagi kewaye ne a natse, ba gaggawa, ba masauki a gaba, kuma inda aka tashi nan ake komowa. Har ma'anar sintirin da ke cikin kalmar Turawa tun asali yana ɗauke da ita, don muna cewa jiragen yaƙi na shawagi. Ba wanda zai ji "mun yi shawagi" ya ce "zuwa ina?" Sai dai ya ce "a ina?", wannan kuma tambaya ce mai amsa: a Bahar Rum, a tekun Karebiyan, a kogin Nilu.

Ɗan Zamani:
Allah gafarta Malam, ni fa da na ji jirgin shawagi, jirgin sama nake gani yana kewaya gari. Wani ma zai ce mara matuƙi ne.

Malam Mai Nahawu:
Gaskiyarka, shawagi ya fi zama a sama. Maganinsa a ambaton farko a cika shi: jirgin ruwan shawagi, ko shawagin ruwa. Daga nan mai karatu ya san inda yake, sai a taƙaita. Haka muke yi da jirgi ma, ba kullum muke cewa na sama ko na ƙasa ba.

Ɗan Zamani:
Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma ya fi kurus, na yarda.

Ɗan Teku:
Ya zauna min a baki. Kuma yana karɓar awo: gajeren shawagi na kwana uku ko huɗu, dogon shawagi daga mako biyu zuwa sama, shawagin kewaya duniya irin wanda jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya yi a 1922 zuwa 1923, kwana 130. Na baya-bayan nan ma Serenade of the Seas ya tashi daga Miami a Disambar 2023 bai gama ba sai Satumbar 2024, kwana 274. Wannan kam mai ɗan makaranta sai ya yi shawara da malamai, shekarar karatu guda ce. Wani abin da Hausa ta fi Turanci: su Turawa sai sun ce dare kaza don kada a rikice wajen ƙirga, mu kwana ya riga ya faɗi haka.

Malam Mai Nahawu:
Tunda uwar ta samu, a raɗa wa 'ya'yan. Tashar da ake tsayawa a wuni a ci gaba, zango ce, kamar ta ayari. Ranar da ba a tsaya ko'ina ba, wunin teku. Tashin zuciyar da kaɗawar jirgi ke kawowa kuma jirin teku.

Ɗan Teku:
Jirin teku ya yi. Ido na cewa ɗaki a tsaye yake, kunnen ciki na cewa ana motsi, ƙwaƙwalwa ta rikice. 'Yan shekara biyu zuwa goma sha biyu ya fi kamawa. Mai yara ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa-ƙasa, can kaɗawa ta fi sauƙi. In ya taso, a fita da yaro sarari ya dubi inda ruwa ya haɗu da sama.

Uwar Biyu:
Na gwada yanzu. Na rubuta: "Mun yi dogon shawagin ruwa da yara, kwana 14, zango tara, sauran duk wunin teku." Na karanta wa macen, na ce to yaushe za mu isa? Ta ce, "Umma, ai mai shawagi ba ya isa, dawowa yake yi." Na gode Kaka, na gode Malam. Saura wurin da ake barin yara su yi wasa a jirgin: na rubuta gidan reno, namijin ya ce shi ba jariri ba ne, in goge.