Akwai wadda ta taɓa ganin mai ba da shawara ta waya kan damuwar gida da yara?

Maman_Uku:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarana uku, babban shekara 7, autar wata 5. Maigidan yana aiki a Fatakwal, sai ƙarshen wata yake zuwa, wani lokacin ma sai ya tsallake, ni kuma ina zaune da Hajiyarsu a gida ɗaya. Wlh tun da na haihu ɗin nan ban ƙara gane kaina ba, abu kaɗan sai tsawa, shekaranjiya yaron ya zubar da koko a kan yunifom ɗinsa muna shirin makaranta na kai masa duka, ya tsaya yana kallona ko kuka bai yi ba, ni ce na shiga banɗaki na yi ta kuka. Dare ya yi jaririya ta yi barci ni idona biyu, ƙirjina na bugawa. Wata ƙawata ta ce in gwada masu ba da shawara ta intanet, ana magana ta bidiyo kol. Shin yana aiki da gaske? Kuma ba tona asirin gida ba ne? Fita asibiti zai min wuya, Hajiya sai ta tambayi ina zan je.

Ummu_Sadik:
Wslm, sannu 'yar uwa, karanta saƙonki na yi kamar ni na rubuta shi shekara biyu da suka wuce. Na yi, zama takwas, sau ɗaya a sati, kowane zama kusan minti 50. A sito nake shiga tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai in sa abin kunne, lokacin yara suna islamiyya, in netwok ya ƙi sai mu kashe bidiyo mu koma murya kawai.

Ban ɓoye miki ba zaman farko ji na yi na yi asarar kuɗina, tambayoyi kawai mai ba da shawarar ta yi ta min, barci, cin abinci, wa ke taimaka min. Sai ta ce in sami ɗan littafi, duk sanda na yi wa yara ihu in rubuta ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, me na ce a raina. Bayan sati biyu da muka duba tare, kusan duka tsakanin la'asar sakaliya da isha'i ne, lokacin da tuwo ke kan wuta, ga aikin makaranta ga wanka, ni kuma tun karin safe ban sa komai a cikina ba. Kinga abin da na ɗauka mugun hali ne ashe rabinsa yunwa ce da gajiya. Muka mayar da aikin makaranta bayan asuba, miya kuma ina yin ta da rana. Ta kuma koya min in koma wajen yaro in ba shi haƙuri in na yi masa ba daidai ba, wannan shi ya fi min nauyi don mu ba a haka aka tashe mu ba, amma ranar da na yi wa Sadik sai ya rungume ni. Ki nemi mace mai jin Hausa in da hali, don bayanin zama da uwar miji ga wadda ba ta san al'adarmu ba aiki ne.

Dattijo:
'Yata Allah ya yaye miki. Ni dai ina tsoron a riƙa kwashe sirrin aure ana kai wa baƙo a waya. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki sami babba a danginku ki faɗa masa. Iyayenmu sun haifi goma sun raine su ba tare da wannan ba.

Ummu_Sadik:
Baba da girmanka, iyayenmu suna da kakanni da gwaggonni a tsakar gida, mai jego har ta yi arba'in ba ta ɗaga tukunya. Ita wannan ita kaɗai ce da uku. Azkar kam ban taɓa bari ba, matar ma cewa ta yi in ci gaba. Kuma maganar da na faɗa wa dangi ita ce ta zaga gari, wadda na faɗa mata ban taɓa jin ta a bakin kowa ba.

Nas_Zariya:
Maman Uku ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da ya tsaya min shi ne autarki wata 5. Kasala da saurin kuka bayan haihuwa da yawan mata suna yi, amma yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ga rashin barci ko jaririya ta yi barci, ga faɗuwar gaba, to ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ciwo ne da ake warkewa. Shawara ta waya tana taimakawa sosai, sai dai ba a auna jini ta waya. Ranar rigakafin jaririya ki roƙi ganin likita, a duba hawan jini da ƙarancin jini, har da sinadarin maƙoshi (wato thyroid), don su ma suna kawo bugun zuciya da gajiya. Hajiya ba za ta hana zuwa rigakafi ba.

Sannan ki bambance, likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani, masanin halayyar ɗan adam magana yake yi da ke. Akwai su a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitin Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, dokar ma ta canza, a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. In kuma kika taɓa jin tunanin cutar da kanki ko jaririya, kar ki jira wani zama na waya, ki faɗa wa wani a gidan a kai ki asibiti a ranar.

Abu_Hanan:
Ki yi hattara da na Instagram. Matata ta tura wa wata kuɗi, sai saƙon murya kawai take turo mata, daga baya muka ga labarin wata mata a shafinta an ɗan canza suna. Kafin ki biya ki tambaya me ta karanta, a wane asibiti ko jami'a take aiki, kuma tana ɗaukar maganarku a waya ko a'a. Sannan ki faɗa wa maigidanki. Mu maza sau da yawa ba mu sani ba ne, muna kira a ce mana lafiya lau mu kashe waya.

Maman_Uku:
Ngd sosai, Allah ya saka. Anti Nas ban taɓa kawo haihuwar a raina ba wlh. Laraba za mu koma asibiti awon jaririya, zan nemi ganin likita. Baba na ji, azkar ina yi. Daren jiya na kira Abbansu na faɗa masa komai har dukan koko, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce zai yi wa ƙanwarsa magana ta zo ta zauna da mu wata ɗaya. Ummu Sadik dan Allah ki duba saƙonki, ina son sanin yadda kika sami matar nan.