Ganyen tabata ya bushe da korensa a hunturu, yaya zan nunar da sauran in kuma adana shi?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin taba. A bana na shuka taba a wani ɗan fili da ke gefen fadamarmu a yankin Zariya, ba don kasuwa ba, sai don dattawan gidanmu masu amfani da taba gari da kuma ɗan abin da za a samu na fure. Ganyen ya yi faɗi ya yi kauri yadda ake so. Sai dai tsinkar farko da na rataye a rumfa ta bushe ƙayau nan da nan saboda iskar hunturu, kuma ba ta yi ja ba, ta tsaya kore-kore tana murmushewa a hannu. Da aka daka kaɗan, dattawan suka ce warin ciyawa take yi kuma tana shaƙe maƙogwaro. Akwai sauran ganye da yawa a gona. Yaya zan yi da shi don kada ya bi sahun na farko, kuma idan ya kammala, a cikin me zan ajiye shi ya kai damina ba tare da ya yi fumfuna ba?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya sami ganyenka shi ne ya mutu kafin ya nuna. Ganyen taba yana da rai bayan an tsinke shi, kuma a cikin kwanakin farkon nan ne koren da ke jikinsa yake narkewa, launin rawaya ya fito, sitacin da ya tara ya koma sukari, abubuwan da ke kawo ɗaci da shaƙewa su ragu. Duk wannan aikin yana bukatar ruwan da ke cikin ganyen. Idan iska ta zuƙe ruwan da wuri, aikin ya tsaya cak a inda ya kai, koren ya zauna ke nan. Danshin iskar da ake so a cikin rumfa wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ne, alhali da tsakar ranar hunturu a ƙasarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, saboda haka rumfa buɗaɗɗiya ba za ta yi maka ba a wannan lokaci.

Ka fara daga gona. Kada ka tsinki ganye sai ya nuna alamar ƙosawa, wato korensa ya fara dusashewa, bakinsa ya ranƙwafa, kuma yana ɓallewa daga kara da ɗan ƙara ba tare da ka ja ba. Ana tsinka daga ƙasa zuwa sama, biyu ko uku a kowane tushe, a bar na sama su ƙosa. Tun da ka ambaci fure, ka sani cewa tushen da aka bari ya yi fure ganyensa ba ya kauri kamar na wanda aka datse wa kai, don haka ka ware su tun daga tsinka, domin ba tare suke nuna ba.

Idan ka kawo ganyen gida kada ka rataye shi a ranar. Ka shimfiɗa tabarma a ɗaki mai inuwa, ka jera ganyen bisa juna, tsibin kada ya wuce tsayin kamu ɗaya, ka lulluɓe da buhun algarara. Kullum ka buɗe ka juya, na ciki ya dawo waje, kana cusa hannu a tsakiya. Ɗumi kaɗan alheri ne, amma idan ka ji zafi ko ka ga ganyen ya fara baƙi yana yauƙi, ka warware tsibin ya sha iska. Cikin kwana uku zuwa biyar mafi yawansa zai zama rawaya. Sannan ne za ka ɗauki basilla da igiyar rama ka soke ta gindin jijiyar tsakiya, ganye biyu-biyu suna juya wa juna baya, ka bar tazarar yatsa a tsakani, ka rataye a rumfar da ka kewaye da zana ta ɓangaren da iska ke kaɗowa. Ka riƙa yayyafa ruwa a ƙasan rumfar da rana, ban da jikin ganyen. Daga nan zai tashi daga rawaya zuwa ja mai duhu a hankali, kuma aikin gaba ɗaya yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas.

Tabar da ake kira ta gashi, irin wadda manoman yankin Iseyin a jihar Oyo suka riƙa yi wa kamfani a shekarun baya, hanyarta daban ce. Ita ana rataye ta a rufaffen ɗaki mai bututun wuta, a fara da zafin digiri 35 zuwa 40 har ta yi rawaya, a riƙa ƙarawa har wajen digiri 70, a gama cikin mako guda. Ba ita kake bukata ba, kuma itacen da take ci ya fi ƙarfin ɗan fili irin naka.

Na Gulbin Maraɗi ya amsa:

Baba ya gama magana a kan nunarwa, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya ne ban yarda da shi gaba ɗaya ba, wato yayyafa ruwa a ƙasan rumfa. A inda ƙasa take rairayi, ruwan yakan tafi kafin ka juya baya, a inda take laka kuma mutum yakan wuce gona da iri, ganyen layin ƙasa ya yi fumfuna. Mu a nan mun fi matso da igiyoyin kusa da juna a makon farko, domin ganyen ya riƙe wa junansa danshi, sannan a riƙa buɗa su yayin da launin yake kamawa. Wanda ya ga hakan bai isa ba sai ya rataya jiƙaƙƙen buhu a jikin zanar.

Zan ƙara a kan ajiya, domin nan ne wahalar mutane da yawa take zubewa. Kada ka sauke ganye don ka ga fatarsa ta bushe. Jijiyar tsakiya ita ce ta ƙarshen bushewa, kuma ita ce take ɓoye ruwan da zai ruɓar da dami. Ka lanƙwasa ta kusa da gindi: idan ta karye ƙas, ya yi, idan ta tanƙwaru kamar ɗanyar tsumagiya, ka mayar da shi rumfa. Kuma kada ka taɓa busasshen ganye da rana tsaka, zai zama gari a hannunka. Da asuba ake saukewa, lokacin da sanyin dare ya sa ya yi laushi, yadda za ka dunƙule shi a tafin hannu ka saki ya miƙe bai tsage ba. Idan hunturu ya hana shi laushi ko da asuba, ka kwantar da igiyoyin a ɗaki ka lulluɓe da buhu mai ɗan danshi ya kwana.

Daga nan sai ka ware shi bisa launi, ka ɗaure ganye kamar ashirin-ashirin ta gindi da wani ganyen, ka jera a kan katako, gindin a waje, ka danne da abu mai nauyi ka rufe. Tsibin zai ɗauki ɗumi da kansa, kuma za ka ji wani wari mai hawa hanci yana fita, wanda shi ne kaifin da dattawanka suka yi kuka da shi. Ka riƙa rushe tsibin kana sake jerawa duk lokacin da tsakiyarsa ta yi zafi, har ya daina ɗumi, ƙamshinsa ya kwanta. Bayan haka ka zuba a buhun algarara ko sabuwar randa mai murfi, ka ɗora a kan katako nesa da bango. Leda ba ta dace da ganyen da ke da sauran danshi ba, gumi zai yi a ciki. Taba tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita, saboda haka kada ta haɗa ɗaki da kalanzir, fetur, takin zamani ko daddawa. Idan damina ta kama ka riƙa buɗewa duk mako kana dubawa, kuma kada ka daka sai daidai abin da za a yi amfani da shi, domin gari ya fi ganye saurin salancewa.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam Ɗan Fadama, ni ba manomiya ba ce, amma akwai abu biyu da suka shafi wannan aikin da nake roƙon ka kiyaye. Na farko, ɗanyen ganyen taba mai raɓa yana shigar da sinadarin nikotin ta fata, mutum ya kama jiri, tashin zuciya, amai da ciwon kai ko da bai taɓa shan taba ba. Ka bari raɓa ta bushe kafin tsinka, ka sa riga mai dogon hannu da safar hannu, kuma kada ka sa yara jera ganyen ko soke shi. Na biyu, akwai wani ƙaramin ƙwaro ja da ke huda busasshiyar taba, kuma mutane sukan jefa ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iskar guba a buhu su ajiye a ɗakin kwana. Wannan iskar tana kisa. Idan ka ga ramuka da gari a gindin buhu, ka ƙulle ganyen a leda ka sa a firiza mai daskarewa sosai na tsawon mako guda, ka bari sanyin ya sake shi a cikin ledar kafin ka buɗe. Duk ganyen da ya yi fumfuna a zubar da shi, kada a goge a daka. Kyakkyawar nunarwa tana gyara ɗanɗano ne kawai, cutar da taba ke yi wa baki da huhu tana nan, ya kamata dattawan su san haka.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tsinkar farkon da ta riga ta bushe da korenta, akwai yadda za a ceto ta?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Ba za ta taɓa kamo wadda ta nuna a kan ƙa'ida ba. Abin da za ka iya shi ne ka tausasa ta da jiƙaƙƙen buhu, ka ɗaure ta, ka yi mata nata tsibin daban kamar yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ya bayyana, ka bar ta ta yi watanni. Korenta zai dusashe, kaifinta ya ɗan ragu. Kada ka gauraya ta da mai kyau, kuma wadda ta yi kore shar ka haƙura da ita.