Taƙaitawa: haƙƙin gidajen kula da tsofaffi a Amurka idan aka hukunta su

Ga abin da na tattara daga doguwar muhawarar da aka yi kan abin da gidan kula da tsofaffi zai iya yi idan hukuma ta hukunta shi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kada a yi wasa da takardar sanarwar hukunci da hukuma ke aika wa gidan. Dole ta faɗi laifin, irin hukuncin, ranar da zai fara aiki, da hanyar ɗaukaka ƙara.
2. Bayan an karɓi fom na CMS-2567, wato takardar da ke lissafa laifuffukan da masu bincike suka gano, gidan yana da kwana 10 ya miƙa shirin gyara. Cikin waɗannan kwanakin ne kuma zai nemi zaman sasantawa da masu binciken jiha. Da yawa sun jaddada cewa zaman ba ya dakatar da hukunci.
3. Ƙara gaban alƙalin gudanarwa: kwana 60 daga karɓar sanarwa.
4. Idan rayuwar mazauna tana cikin haɗari, sanarwar kwana 2 kafin hukunci ya fara aiki ta wadatar, kuma za a iya cire gidan daga Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, cikin kwana 23. In babu haɗari, sanarwar kwana 15 ce.

Inda aka rabu:

Batun tarar kuɗi. Wanda ya haƙura da ƙara ana rage masa kashi 35 cikin ɗari na tarar. Wasu sun ce a karɓi ragin, kuɗin lauya ya fi shi. Wasu sun ce laifin zai zauna a tarihin gidan ya rage masa taurarin da hukuma ke auna ingancin gidaje da su. A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi idan laifin babba ne.

'Yan kaɗan sun koka cewa iyalan mazauna ba su da kujera a shari'ar.