Amsa ɗaya ta isa, ko sai an zaƙulo duka?

Malam Habibu: Jama'a, ga abin da ke damuna. Mai binciken tattalin arziki ya rubuta ikweshan na kasuwa, ya bi hanyar Newton (wadda ake farawa da hasashe, ana ta gyara shi har a kai ga amsa), kwamfuta ta ba shi amsa ɗaya, sai ya ce ga daidaiton kasuwa, wato matsayar da kasuwar za ta zauna a kai. A wurina bai gama aiki ba. Amsar da Newton ke bayarwa ta dogara ne da inda ka fara. In ikweshan ɗin na folinomiyal ne (wanda babu komai a cikinsa sai tarawa, debewa da ninkawa), tun 1965 masanin lissafi Buchberger ya kawo hanyar Gröbner da ke iya fito da dukkan amsoshin.

Zainab: Malam, a takarda haka ne. Amma ƙa'idar Bézout fa, mai faɗin iyakar yawan amsoshi? Ikweshan 10, kowanne mai daraja 2 (irin mai x²), amsoshinsu na iya kaiwa 1,024. Ka mai da su 20, an haura miliyan. Kuma a 1982 Mayr da Meyer sun nuna irin wannan lissafi na iya kumbura fiye da ƙima. Ni na taɓa barin manhajar lissafi ta Singular tana aiki kwana biyu, ba ta gama ba.

Malam Habibu: Ai ba Gröbner kaɗai ba ce. Akwai homotofi: ka fara da tsari mai sauƙi da ka san amsoshinsa, kana karkata shi sannu a hankali zuwa naka, kana bin sawun kowace amsa. Manhajojin PHCpack da Bertini aikinsu ke nan.

Usman: Ranka ya daɗe, yawancin amsoshin nan ba lambobi na zahiri ba ne, ko kuma farashi ne ƙasa da sifili. Mene ne amfaninsu?

Dakta Rabi: Usman, a zubar da waɗannan, ba komai. Tashin hankalin shi ne idan biyu suka rage masu ma'ana. Ɗauki kamfanoni biyu da kasuwar da ɗaya kawai za ta iya ɗauka: wannan ya shiga ko wancan, duka daidaito ne. Masana tattalin arziki Bresnahan da Reiss sun yi fama da wannan, Tamer ma a 2003. Ka ƙiyasta alƙalumanka a kan daidaito ɗaya alhali kasuwa na kan ɗayan, shawarar da za ka ba gwamnati ta karkace. Shi ya sa Kubler da Schmedders suka jawo Gröbner cikin harkar a 2010.

Zainab: Na yarda, Dakta, ga ƙananan tsare-tsare. Wanda nake aiki a kansa yana da abubuwan nema sama da 200, kuma da logaridim a ciki, ba folinomiyal zalla ba.

Dakta Rabi: To ki fara Newton daga wurare masu yawa, kuma ki faɗa a rahotonki cewa ba ki tabbatar amsar ɗaya ce tilo ba.

Malam Habibu: Farawa daga wuri dubu ma ba hujja ba ce, Dakta. Zainab, rage shi zuwa kamfanoni uku ki turo min, mu gwada da Bertini mu ga amsa nawa za su fito.