Shin rage wa yaro abinci yana rage tashin farfaɗiya?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara tara yana da farfaɗiya, an gwada masa magunguna iri biyu amma har yanzu tana tasar masa kusan kowane mako. Wata 'yar'uwata ta ce idan na rage masa abinci ciwon zai lafa. Don Allah masu ilimi ku bayyana mini ko maganar tana da tushe, domin ina tsoron in yi masa illa da hannuna.

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar tana da tushe, amma ba yadda aka kawo miki ita ba. Tun a 1911 wasu likitoci biyu a Faransa suka ba da rahoton cewa kame baki daga abinci na kwanaki yana rage tashin farfaɗiya. Dalili shi ne idan sukari ya yi ƙasa a jini, hanta kan juya kitse zuwa wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta koma aiki da su, kuma a wannan yanayi jijiyoyinta ba sa saurin rikicewa. Sai dai da zarar an koma cin abinci kamar da, ciwon yakan dawo, kuma babu mai iya zama da yunwa har abada. Shi ya sa a 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da tsarin abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci, wanda ke sa jiki ya yi kamar yana azumi alhali yaron yana ci yana ƙoshi.

Dakta Rabi:
Ina ƙara wa bayanin Malam Haruna. Yawancin shaidar da ake da ita kan rage yawan kalori, wato ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kaɗai daga gwajin ɓeraye ta fito. Abin da aka tabbatar a jikin yara shi ne wancan tsarin abinci na kiton. A wani gwaji da aka buga a 2008 kan yara 145 a Landan, kashi 38 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin sun samu raguwar tashin ciwon da fiye da rabi cikin wata uku, a rukunin da bai bi tsarin ba kuwa kashi 6 ne kawai. Tsarin yana da wuya ƙwarai a gidajenmu, domin tuwo, shinkafa, koko da fura duk sitaci ne, sannan ana auna kowane abinci a ma'auni, galibi kitse kashi huɗu, sauran kashi ɗaya. Yakan jawo bushewar ciki, tsakuwar ƙoda da jinkirin girma, don haka ba a fara shi sai da likita da masanin abinci. Hajiya, kada ki rage masa abinci a gida, domin faɗuwar sukari sosai ita kanta tana tayar da farfaɗiya.

Baba Audu:
'Yata, tunda an ambaci azumi, ki kula idan Ramadan ya zo. Tsallake lokacin shan magani da rashin isasshen barci saboda sahur suna cikin abubuwan da suka fi tayar da ciwon, kuma yaro mai shekara tara azumi bai hau kansa ba.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai. Zan riƙa rubuta ranakun da ta tasar masa, in kai wa likitansa ranar ganinsa ta gaba, in kuma tambaye shi ko yaron ya cancanci a gwada masa wannan tsari.