Shawarwarin masu gina shafuka a Gusau kan jinkirin saba

Wasu masu gina shafukan intanet a Gusau sun tattauna matsalar da ke damun kowa: shafi ya daɗe bai buɗe ba, a ɗora wa layin waya laifi, alhali sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ita ce ke jan ƙafa kafin ta amsa.

An fi daɗewa kan rumbun bayanai. Idan teburin MySQL, manhajar adana bayanai, ya cika da dubban sunaye, kamar na ɗalibai ranar duba sakamako, kuma ba a yi masa fihirisa ba, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, sai sabar ta bi layi-layi kafin ta gano wanda ake nema. Shawarar ita ce a kunna rajistar tambayoyin da rumbun ke jinkirin amsawa, a ga wadda ke cin lokaci, a gyara ta. A ganina nan ya kamata a fara, tun kafin a kashe ko sisi.

Sai ajiye kwafi. Shafin da ba ya canzawa, me zai sa PHP, harshen kwamfuta da ke haɗa shafin, ya sake haɗa shi ga kowane baƙo? Manhajar Redis na riƙe amsoshi a ƙwaƙwalwa don a miƙa su nan take. Masu amfani da manhajar gina shafi ta WordPress kuma su cire ƙananan manhajojin da ba sa amfani da su.

Nisa ma na da tasiri, idan saba tana Amurka, mai karatu yana Talata Mafara. Kamfanin Cloudflare, mai ajiye kwafin shafuka kusa da masu karatu, na da cibiya a Legas, tana kusanto da hotuna da fayiloli.

Kan hayar saba mai arha da ɗaruruwan shafuka ke rabawa, baki bai zo ɗaya ba. Wasu suka ce a bar ta, wasu suka ce a auna tukuna, tunda Google na ɗaukar ƙasa da daƙiƙa 0.8 kafin isowar amsar farko a matsayin mai kyau.