Wa ya taɓa riƙe kati mai cip biyu? R9 295X2 ko 980 Ti

Dan_Gem: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana min tayin katin hoto na kwamfuta (graphics card) R9 295X2 na hannu, ga kuma GTX 980 Ti a wajen wani, kuɗin kusan ɗaya ne. Na farkon cip biyu ne a kati ɗaya kuma memori 8GB aka rubuta, ɗayan 6GB. Raina ya fi kwanta min da mai biyun amma ina so in ji ta bakin waɗanda suka yi aiki da irinsu.

Baban_Hanif: Wa alaikumus salam. Ni na riƙe 295X2 ɗin. A 2014 ya fito kan dala 1,499, cip ɗin Hawaii ne guda biyu irin na R9 290X, kuma gaskiya in ka samu gem ɗin da ya san CrossFire (fasahar AMD ta sa cip biyu su yi aiki tare) kamar Battlefield 4 to wallahi dodo ne, 980 Ti ba ya kamo ƙafarsa. Amma in gem bai san shi ba sai cip ɗaya ya kwanta ya yi barcinsa, ka koma kamar mai 290X guda ɗaya tilo, a nan kuma 980 Ti zai wuce ka fintinkau. Sannan 8GB ɗin nan kar ya ruɗe ka, 4GB ne kowane cip kuma abu ɗaya ake zubawa a duka biyun, kenan mai 6GB ya fi ka wuri.

Injiniya_Sabo: Ƙanina tambaya ɗaya, fawa saflai ɗinka wat nawa ne? 295X2 ɗin shi kaɗai wat 500 yake ja ta wayoyi biyu masu fil takwas, 980 Ti kuwa 250. Wani yaro ya kawo min nasa shago wai kwamfuta na mutuwa da an shiga gem, na buɗe na tarar da soket ɗin wayar ya yi baƙi har robar ta fara narkewa, ashe waya ɗaya ce mai baki biyu ya raba wa katin. Kuma da ruwa yake sanyaya kansa, akwai famfo da radiyeta, abin da ya haura shekara goma kuwa dole ka kasa kunne ka ji ko famfon na ƙara kafin ka ba da kuɗi.

Baban_Hanif: Ƙwarai Injiniya. Lokacin bazara ɗakin kamar gidan burodi, in an ɗauke wuta kuma ƙaramin janareta sai dai haƙuri.

Ummi_3D: Nawa GTX 690 ne na 2012, shi ma cip biyu ne, 2GB kowane ɓangare. Ni ba gem nake ba, Blender nake (manhajar zanen 3D), kuma a can yana ganin katin a matsayin guda biyu ya raba musu aikin ba ruwansa da SLI (irin CrossFire ne amma na Nvidia), na ji daɗinsa sosai har sai da ayyukana suka fi ƙarfin 2GB ɗin. Amma in kana tunanin irin aikina da 295X2 ka sani tun Blender 3.0 aka cire OpenCL, hanyar da Blender ke bi ya sa katin aiki, ba zai yi maka renda (fitar da hoton da ka zana) a sababbin ba.

Mai_Kwano: Abin da ba a faɗa ba shi ne tsinkewar hoto. Na yi wasa a HD 7990, shi ma mai cip biyu, lambar firem (hotunan da ake nunawa a daƙiƙa) tana sama amma idonka na ganin hoton na ɗan tsayawa yana fizga saboda cip biyun ba sa miƙo firem a tazara ɗaya, sai da direban AMD (manhajar da ke tafiyar da katin) Catalyst 13.8 ya zo a 2013 abin ya yi sauƙi. Ku tuna fa Titan Z, katin Nvidia mai cip biyu, dala 2,999 aka sa masa, 295X2 mai rabin kuɗinsa yana kafaɗa da kafaɗa da shi a gem lol. Yanzu kam zamanin ya wuce, Nvidia ta daina fitar da sababbin furofayil na SLI (saitin da ke sa gem ya yi aiki da cip biyu) tun farkon 2021, masu yin gem ma ba sa waiwayar abin.

Dan_Gem: Kai na gode Allah ya saka da alheri. Fawa saflai ɗina wat 650 ne Injiniya, kuma sababbin gem na fi bugawa.

Injiniya_Sabo: To 650 ba za ta ɗauki mai biyun ba sam. Je ka wajen mai 980 Ti ɗin, ka sa ya kunna maka gem mai nauyi na rabin awa a gabanka, ka duba zafinsa ka ga fankokin duk suna juyawa.